Tafiya Madrid: Musulmi zai iya cin abincin Sifaniyawa na gargajiya, ko sai dai ya tsaya ga shawarma?

Baban Amira:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Aiki zai kai ni Madrid a watan gobe, kuma zan tafi da uwargida, wadda tun yanzu ta sanar da ni cewa ba za ta yarda mu ƙetare hamada da teku mu je mu zauna muna cin shawarma da soyayyen dankali ba, alhali ana ta ba mu labarin abincin Sifaniya. Sai dai duk wanda na tuntuɓa cewa yake yi ƙasar ta alade ce da giya, kuma abin da ya fi mini sauƙi shi ne in nemi shagon 'yan Pakistan ko na 'yan Maroko in huta. Ina roƙon waɗanda suke zaune a can, ko suka taɓa zuwa, su faɗa mini tsakani da Allah: Musulmi zai iya shiga gidan abincin Sifaniyawa na ainihi ya ci girkinsu na gargajiya hankalinsa kwance? Idan zai yiwu, me zan nema, me zan guje wa, kuma wace unguwa zan nufa?

Kawu Na-Fagge:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Waɗanda suka ba ka wannan shawara ba su cuce ka ba. Na je Madrid harkar takalma a shekarun baya, kuma abin da ya fara tarbata a yawancin gidajen abincinsu shi ne busassun cinyoyin alade a rataye saman kanta, reras, har da kofatonsu. Sifaniya ce kan gaba wajen kiwon alade a Tarayyar Turai, kuma wannan cinya da suke kira jamón ita ce abin alfaharinsu, har baƙo suke yi wa tayinta don girmamawa. Ni dai Lavapiés na nufa, unguwar da ke kudu da tsakiyar gari, inda 'yan Bangladesh da 'yan Senegal da 'yan Maroko suke da gidajen abinci da shagunan naman halal. Na ci shinkafa da kifi irin ta Senegal har na gama abin da ya kai ni na dawo gida lafiya. Cikin mutum ba wurin gwaji ba ne, kuma haƙurin 'yan kwanaki bai taɓa kashe kowa ba.

Maman Sadik:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da jamón gaskiya ne, amma hukuncin da ka yanke a kansa ne ban yarda da shi ba. Ina zaune a Madrid da iyalina shekara da shekaru, kuma zan iya cewa wanda ya zo ya tafi bai ɗanɗana kifin garin nan ba ya yi wa kansa rowa. Madrid tana tsakiyar ƙasa, tsakaninta da teku ya haura kilomita 300, amma kasuwar Mercamadrid tana cikin manyan kasuwannin kifi na Turai, kuma kifin da aka kama a Galicia ko a gaɓar Andalus yakan iso garin kafin gari ya waye. Rabin abin da Sifaniyawa suke kira abincin gargajiya daga teku yake, ko daga ƙwai da dankali da man zaitun.

Alhaji, ka fara da abu mafi sauƙi. A kewayen Plaza Mayor akwai ƙananan shaguna masu sayar da bocadillo de calamares, wato burodi da aka cusa wa soyayyen naman wata dabbar teku da aka yanka zobe-zobe aka turmusa a fulawa. Wannan shi ne abincin titi na 'yan Madrid, kuɗinsa Yuro kaɗan ne, kuma a tsaye ake cinsa. Daga nan idan ka taka zuwa Puerta del Sol, a bayanta akwai Casa Labra, wadda take nan tun 1860, kuma da kifin bacalao aka san ta, wanda ake jiƙa shi har gishirin da aka adana shi da shi ya fita, a tsoma a ƙulli a soya. Sai gambas al ajillo, jatan lande da ake kawowa yana tafasa a cikin man zaitun da tafarnuwa a ƙaramin kaskon ƙasa, kuma idan an gama cin jatan landen, da burodi ake suɗe man, babu wanda zai yi maka kallon banza. Akwai pulpo a la gallega, dabbar teku mai hannuwa takwas da ake dafawa a yanka a kan faifan katako da dankali, a barbaɗa garin jan tattasai da gishiri. Ga kuma tortilla de patatas, wainar ƙwai mai kauri da dankali, wadda su kansu Sifaniyawa har gobe ba su daina gardama a kan ko a sa mata albasa ko kada a sa ba. Ga pisto, miyar tumatir da tattasai da albasa da kabushi da ake ɗora wa soyayyen ƙwai. Ga gazpacho, markaɗaɗɗen ɗanyen tumatir da kokwamba da tattasai da man zaitun da ake sha da sanyinsa a lokacin zafi. Duk waɗannan a asalin girkinsu babu alade.

Baban Amira:
Hajiya, na gode ƙwarai, uwargida tana kusa da ni tana rubuta sunayen. Amma kin ce a asalin girkinsu. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai, domin tana nuna akwai inda ake kauce wa asalin.

Malam na Tetuán:
Alhaji ya kama bakin zaren. Cinyar da ke rataye ba ita ce abin tsoro ba, domin ido yana ganinta. Abin da ke kama mutane shi ne wanda aka yayyanka ƙanana aka zuba don ɗanɗano, domin mai girki a nan yana ɗaukar jamón a matsayin kayan miya, ba a matsayin nama ba. Salmorejo na Kordoba ɗan'uwan gazpacho ne, tumatir da burodi da man zaitun, amma kusan kullum ana yaryaɗa masa dafaffen ƙwai da gutsattsarin jamón a sama. Koren wake, da wani kayan lambu da ake kira alcachofas, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, duk ana yawan soya su da shi. Miyar lentejas, wani ƙaramin wake mai faɗi, da za ka gani a jerin abincin rana kusan ba ta rabuwa da chorizo, wato niƙaƙƙen naman alade da aka cusa a hanji da jan tattasai. Croquetas kuwa, wato dunƙulen kwaɓin fulawa da madara da ake soyawa, idan ba a rubuta cewa na bacalao ba ne, ka ƙaddara na jamón ne. Huevos rotos, soyayyen ƙwai da ake fasawa a kan dankali, wanda gidan Casa Lucio da ke titin Cava Baja ya yi suna da shi, a wurare da yawa da jamón ko chorizo ake kawo shi sai idan ka hana.

Na taɓa tambayar mai kawo abinci a wani gida ko akwai alade a cikin wake, ya rantse mini babu, da kwanon ya iso sai ga jajayen gutsattsari a ciki. Da na nuna masa sai ya ce ai wannan jamón ne kawai, kuma ba da mugunta ya faɗa ba, haka ya ɗauki abin. Saboda haka kada ka tsaya ga kalmar cerdo, wato alade, kaɗai. Ka lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya, kana farawa da sin, wato ban da: sin cerdo, sin jamón, sin chorizo, sin tocino, sin manteca. Tocino shi ne kitsen alade mai ratsin nama, manteca kuma narkakken kitsensa da ake girki da shi. Sannan ka ƙara da tambayar lleva vino, wato ko an sa giyar inabi, domin rabo de toro, farfesun wutsiyar sa, a jar giya ake dafa shi, kuma almejas a la marinera, wasu ƙananan dabbobin teku masu ɓawo, da wasu miyoyin kifi da farar giya ake haɗa su. Kifin da aka gasa a kan faranti, wanda suke kira a la plancha, ko wanda aka binne a gishiri aka gasa, a la sal, shi ya fi kuɓuta daga wannan.

Ɗalibi a Madrid:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara wani abu da ya taimake ni. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar ƙwai da madara da gyaɗa da kifi, kuma yawancinsu suna sa ƙananan alamomi a gefen kowane abinci. Alade ba ya cikin 14 ɗin, saboda haka takardar ba za ta tona shi ba, amma akwai sulfitos a ciki, wato wani sinadarin adana abinci da abin sha, kuma idan na ga alamarsa a jikin miya nakan yi tambaya, domin sau da yawa giya ce ko ruwan khal ya kawo shi.

Abu na biyu, Baba Alhaji, shi ne lokaci, domin wanda bai san shi ba zai sha yunwa ga kuɗi a aljihu. Abincin rana a nan tsakanin ƙarfe 2 ne zuwa 4, na dare kuma ba ya kankama sai wajen ƙarfe 9, kuma tsakanin waɗannan lokutan gidaje da yawa sukan kashe wuta. Wanda ka gani a buɗe yana kiran mutane cin abincin dare da ƙarfe 6, to, na 'yan yawon buɗe ido ne. Dalilin ba lalaci ba ne. A 1940 gwamnatin Franco ta matsar da agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, kuma ba a mayar da shi ba har yau, alhali Madrid tana yamma da Landan. A lokacin sanyi agogonmu ɗaya da na Najeriya da Nijar, a lokacin zafi kuma muna gaba da awa ɗaya, har ta kai a watan Yuni Azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2, Magariba kuma sai dab da ƙarfe 10 na dare. Ke nan mutanen da rana suke bi, agogon ne ya yi gaba ya bar su.

Idan kana son cin abin da ma'aikata suke ci, ka nemi menú del día a ranakun aiki da rana. Tsari ne da ya samo asali daga dokar da aka yi a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Manuel Fraga yake ministan watsa labarai da yawon buɗe ido. Farashi ɗaya ne, kuma ya ƙunshi kwano na farko, da na biyu, da burodi, da abin sha, da kayan zaƙi ko kofi. A unguwannin da ba na baƙi ba ana samunsa tsakanin Yuro 12 zuwa 16, kuma da wuya ka rasa kifi a cikin zaɓin kwano na biyu. Ruwan famfon Madrid mai kyau ne, kuma tun 2022 doka ta ce a ba wanda ya nema kyauta, sai dai ka ce agua del grifo, in ba haka ba na kwalba za a kawo a sa maka a lissafi.

Kawu Na-Fagge:
To, kun ga abin da nake faɗa. Mutum zai zauna cin abinci sai ya haddace kalmomi biyar na Sifaniyanci, ya binciki alamomi, ya yi wa mai kawo abinci tambayoyi kamar alƙali. Sannan ko an ce babu alade a kwanonka, wa ya tabbatar maka da cewa man da aka soya kifin ba shi aka soya croquetas na jamón a ciki ba, ko farantin gashin ba shi aka ɗora chorizo a kai ba?

Maman Sadik:
Wannan tambayar tana kan hanya, Kawu, kuma amsarta tana ga zaɓin gida. Ni nakan nufi wuraren da kifi ne sana'arsu, waɗanda ake kira marisquería, ko gidajen soya kifi irin na Andalus, ko gidajen shinkafa, domin a can alade baƙo ne a kicin. Ƙaramar mashaya mai tukunyar suya ɗaya da take sayar da komai da komai, ita kam ba na cin soyayyen abu a cikinta. Amma cewa a bar abin gaba ɗaya saboda ana yin tambaya, ai ko a gida mutum yakan tambayi mahauci naman jiya ne ko na yau.

Baban Amira:
Na fahimci batun kifi. To, nama fa? Wani abokin aikina ya ce lallai in je Botín, wai shi ne gidan abinci mafi tsufa a duniya, kuma suna gasa ɗan rago.

Ɗalibi a Madrid:
Botín yana titin Cuchilleros, gangare kaɗan daga Plaza Mayor, an kafa shi a 1725, kuma kundin Guinness ya ba shi wannan matsayi da abokinka ya faɗa. Gaskiya ne suna gasa ɗan rago, amma abin da ya fi yi musu suna shi ne cochinillo, gasasshen jaririn alade, kuma a tsohuwar tandar itacen nan ake gasa su duka. Ka je ka ga ginin, ka ɗauki hoto a ƙofa, sauran kuma ya rage naka.

Malam na Tetuán:
Batun nama yana da rassa biyu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne abin da aka haɗa naman da shi. Cocido madrileño, wanda shi ne tuwon gidan 'yan Madrid a lokacin sanyi, dafuwa ce ta waken garbanzo da kabeji da dankali da naman sa da kaza, amma tare da tocino da chorizo da morcilla, wato hanjin da aka cusa wa jini. Ana kawo shi kashi uku, romo da taliya, sai wake da ganye, sai nama, kuma gidan La Bola, wanda yake aiki tun 1870, har yanzu a tukwanen ƙasa yake dafa shi a kan gawayi. Komai a tukunya ɗaya ya dahu, saboda haka babu batun a tsame wannan a bar wancan. Haka callos a la madrileña, farfesun tumbin sa, shi ma da chorizo da morcilla ake yinsa. Ɗan rago na Kastila kuwa wasu ruwa da gishiri kawai suke sa masa, wasu kuma suna shafa masa manteca kafin ya shiga tanda.

Wannan yawan alade yana da tarihi. Bayan faɗuwar Granada a 1492 an kori Yahudawa, an tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, kuma kotun binciken aƙida takan sa ido a kan wanda ba ya cin alade, domin ana ɗaukar hakan alamar cewa yana riƙe da tsohon addininsa a ɓoye, har aka kai ga korar zuriyar Musulmin tsakanin 1609 da 1614. Masana tarihin abinci da dama suna ganin cocido ya samo asali ne daga adafina, dafuwar Asabar ta Yahudawan Sifaniya, wadda aka ƙara wa alade daga baya.

Reshe na biyu shi ne yanka. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike ɗan Ishbiliya, wato Sevilla ta yau, ya faɗaɗa fahimtarta ƙwarai, wasu malaman kuma suka yi masa raddi suka tsaya a kan sharaɗin yanka. Ba zan yanke wa Alhaji hukunci a zaure ba, ya tambayi malaminsa kafin ya taso. Ni dai abin da nake yi shi ne in bar nama sai inda aka tabbatar da halal, tun da samunsa ba wuya. Yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da Hukumar Musulunci ta Sifaniya a 1992 ta amince da batun abincin halal, kuma akwai Instituto Halal a Kordoba da ke ba da takardar shaida. Dabbobin teku kuwa aya ta 96 ta wannan sura ta wadatar, kuma a mazhabar Malikiyya babu bambanci tsakanin kifi da pulpo da calamares, ko da yake za ka ga abokanmu Hanafawa 'yan Bangladesh da Pakistan suna ƙin cin wasunsu.

Ɗan Maraɗi a Valencia:
Salamu alaikum. Na ga an yi nisa ba a ambaci shinkafa ba, kuma na san Hajiya uwargidan Alhaji paella za ta fara tambaya. Ina roƙonku kada ku ci ta a gidajen da suka kafa allo mai hotunan shinkafa kala-kala a bakin ƙofa, domin yawancinta daskararriya ce ake ɗumamawa. Paella ta Valencia ce, daga gonakin shinkafar da ke kewaye da tafkin Albufera, kuma Musulmin Andalus ne suka yaɗa noman shinkafa a wannan yanki. Ta asali ana yinta da kaza da zomo da koren wake da wani farin wake mai faɗi da ake kira garrofó, da tumatir da za'afaran da man zaitun, wasu su ƙara dodon koɗi. Ana dafa ta a faffaɗan kasko marar zurfi, shinkafar ba ta wuce kaurin yatsa ba, kuma ba a juya ta da zarar an zuba. Abin da ake rububi a kai shi ne socarrat, ƙanzon da ya kama a gindin kaskon, har mai gida yakan kankaro shi ya miƙa wa babban baƙo.

Gidan da ya san aikinsa zai ce maka sai mutum biyu zuwa sama, kuɗin kuma na kowane mutum ne, sannan za ku jira kusan rabin awa, kuma da rana ake cinta, ba da dare ba. Wanda ya bi ra'ayin Malam a kan nama sai ya nemi paella de marisco, wato ta dabbobin teku, ko arroz a banda da ake dafawa da romon kifi, ko arroz negro da ake baƙanta shi da tawadar calamares, ko fideuà ta garin Gandía, wadda taliya ce a madadin shinkafa. Ku kiyayi arroz al horno, haƙarƙarin alade da morcilla ne a ciki, kuma ku yi tambaya a kan duk wadda aka kira mixta, wato mai haɗin nama da dabbobin teku. Jirgin ƙasa mai sauri daga Madrid zuwa Valencia ba ya cika awa biyu, saboda haka idan kuna da ranar hutu, ku zo ku ci ta a ƙauyen El Palmar ku koma da yamma.

Idan kun zo kuma ku sha horchata, za ku yi dariya, domin kunun aya ne. A Alboraya da ƙauyukan da ke arewa da Valencia ake noman ayar, suna kiranta chufa, har suna da hatimin da ke kare sunanta. Sai dai abin da suke nomawa ba ya isar masana'antunsu, shi ya sa suke sayo ƙari daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, kuma jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta a wajenmu. Nasu aya ce da ruwa da sukari kawai, babu dabino, babu kwakwa, babu citta, kuma ana shanta da sanyi ƙarara.

Kawu Na-Fagge:
Ikon Allah. Wato ayarmu ce ake kai musu, mu kuma mu biya kuɗin jirgi mu je mu saya da Yuro. Wannan kam zan iya sha. Amma ku gaya mini, duk waɗannan wurare ba giya ake sha a cikinsu ba? Ni wannan ya fi damuna a kan alade.

Malam na Tetuán:
Ana sha, Kawu, kuma babu amfanin ɓoyewa. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Malamai da yawa suna bambanta teburinka da teburin wani, wasu kuma suna ganin barin wurin baki ɗaya ya fi. Abin da nake ba baƙi shawara shi ne su ci babban abincinsu da rana a ɗakin cin abinci, inda iyalai suke zama da 'ya'yansu, su bar yawon cin tapas, wato 'yan ƙananan farantan ɗanɗano, na dare daga mashaya zuwa mashaya a Cava Baja, domin wannan yawon a kan abin sha aka gina shi, abincin rakiya yake yi. A kula da sunaye kuma. Sangría da tinto de verano giyar inabi ce da aka sirka, clara giya ce da lemo, kuma wadda aka rubuta wa sin alcohol doka ta yarda ta ƙunshi ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mosto shi ne ruwan inabin da bai fara tsami ba, ga kuma lemon zaƙi da ake matsewa a gabanka. Idan lokacin salla ya riske ku, akwai babban masallacin da ke gefen titin M-30, wanda aka buɗe a 1992, da masallacin Abubakar a nan unguwar Tetuán ta Madrid kusa da tashar Estrecho, kuma kewayensa cike yake da mahautan halal.

Maman Sadik:
Ni ban kai Malam tsanani a kan tapas ba, domin ana iya cinsu da rana a kasuwa. Mercado de San Miguel, ginin ƙarfe na 1916 da ke jikin Plaza Mayor, kyakkyawa ne amma akwai tsada da cunkoso, ku shiga ku gani ku fita. Mercado de la Paz ko na Antón Martín sun fi kusa da rayuwar 'yan gari. Ku san cewa tapa ɗan ɗanɗano ne, media ración rabin faranti, ración kuma cikakken faranti na tarayya, kuma mutum biyu ración uku ta ishe su. Zama a waje a terraza yakan fi ciki tsada, tukwici kuma ba dole ba ne, ana barin 'yan canji ne kawai.

Saura kayan zaƙi, inda mata suka fi faɗawa. Churros fulawa ce da ruwa da gishiri da ake soyawa a mai, a tsoma a narkakken cakulan mai kauri, kuma San Ginés, wadda take nan tun 1894 a wani lungu kusa da Sol, ita ce aka fi sani. Arroz con leche da flan da crema catalana madara ce da sukari, da shinkafa ko ƙwai. Amma mantecados da polvorones da ensaimada ta Mallorca da kitsen alade ake kwaɓa su, kuma su ne baƙi suke yawan saye a matsayin tsaraba saboda kyan kwalinsu. Wanda yake son tsaraba ya sayi turrón na Jijona ko na Alicante, ko mazapán na Toledo, ko man zaitun na Jaén, ya kuma karanta bayan kwalin.

Baban Amira:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun tsayar da shawara za mu ci kifi da shinkafa da rana a gidajen Sifaniyawa, idan kwaɗayin nama ya taso mu gangara Lavapiés ko Tetuán, don kada Kawu ya ce an watsar da maganarsa. Uwargida tana da tambaya ɗaya ta ƙarshe: abincin nasu yana da yaji kuwa?

Ɗalibi a Madrid:
Babu, Baba Alhaji, kuma gara ta sani tun yanzu. Patatas bravas, soyayyen dankali da jar miya, shi ne abin da suke kira mai yaji, kuma yaron goye na Kano ba zai ji komai ba. Pimientos de Padrón ƙananan korayen tattasai ne da ake soyawa a barbaɗa gishiri, jefi-jefi ake dacewa da mai zafi a cikinsu. Idan kun ce a kawo picante, wataƙila a kawo ƙaramar kwalbar miyar barkono, wataƙila kuma a ce babu. Mama ta ƙullo garin yajinta a ƙaramar roba mai murfi ta sa a jaka, amma kada ta haɗo da kilishi ko dambun nama, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kuma jami'an kwastan a filin jirgin Barajas suna karɓewa.